Yadda Ake Kallon Hoton Gidan Shayi na Japan

Idan hoton ukiyo-e na gidan shayi, wato hoton Japan da ake bugawa a takarda da sassaƙaƙƙen allon katako, ya shigo hannunka, kada ka yi garaje. Fara daga dama zuwa hagu, don haka mutanen Edo, wato Tokyo ta yau, suke karatu. Sau da yawa takarda uku ake jerawa, shagali ɗaya.

Ni fitilun takarda nake fara nema, sai mai kaɗa shamisen, wato garayar Japan mai tsirkiya uku, sannan baranda. In ka hango kogin Sumida da wasan wuta a sama, to bikin bazara ne a unguwar Ryogoku. Duba ɗamarar matan kuma. Wadda ta ɗaura tata a gaba, galibi mai zaman kanta ce ta Yoshiwara, unguwar masu zaman kansu a Edo. Mai kawo shayi, irin Okita da mai zane Utamaro ya zana, a baya take ɗaurawa.

Sai ka juya takardar, nan ne ya fi burge ni. Bugun hannu yana barin sawun baren, faifan da aka murza ta da shi. Kowane launi da allonsa na itacen ceri, kuma a 1765 irin wannan bugu mai launuka da yawa ya kankama.

Don Allah kada ka rataye shi inda rana ke bugawa. Launin shuɗi da aka haɗa daga fure da kuma ja nan da nan suke kodewa.