Yadda Ake Karatun Tafiyar da Ayyuka a Masana'anta da Wuraren Hidima

Darasin tafiyar da ayyuka, ko a sashen nazarin kasuwanci aka ɗauke shi ko a na injiniya, yana bin diddigin yadda ɗanyen kaya da lokacin ma'aikata da injina da kuɗi ke haɗuwa su zama haja ko hidima, da kuma inda ake tafka asara a tsakani. Saboda haka, tun a makon farko ya kamata ɗalibi ya zaɓi wurin aiki guda ɗaya da zai iya zuwa da ƙafarsa, gidan burodi ne ko injin casar shinkafa ko ɗakin karɓar kati a asibiti, ya riƙa gwada duk abin da aka koya masa a aji a kan wannan wuri har ƙarshen zango. Wanda ya dogara da hadda kaɗai zai iya cin jarrabawa, amma da wuya ya gane matsala idan aka tsayar da shi a gabanta.

Aikin farko shi ne zana matakan aikin a takarda daga farko zuwa ƙarshe, sannan a riƙe agogo a auna abin da kowane mataki ke iya fitarwa cikin awa guda. A ɗauka cewa a gidan burodi injin kwaɓi na iya kwaɓa fulawar burodi 600 a awa, tanda na gasa 400, masu zubawa a leda kuma na gama 500. Abin da gidan zai fitar a awa ba zai wuce 400 ba, ko da mai shi ya sayo injin kwaɓi na biyu, domin tanda ce ke riƙe da kowa. Eliyahu Goldratt ya yaɗa wannan tunani a shekarun 1980, inda ya nuna cewa awa ɗaya da aka rasa a matakin da ya fi sauran nawa, masana'anta gaba ɗaya ce ta rasa ta. A ganina, ɗalibin da ya iya gano irin wannan mataki da idonsa ya riga ya kama kaso mai tsoka na darasin.

Tarihin fannin ba ya buƙatar dogon lokaci, amma a san ginshiƙansa. Frederick Taylor ya fito da tsarin auna aikin ma'aikaci da agogo a Amurka, kamfanin Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913 wanda ya rage lokacin haɗa gangar mota daga kimanin awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, Walter Shewhart kuma ya ƙirƙiro jadawalin sa ido kan inganci a 1924.

Inda ya kamata a zauna sosai shi ne lissafi, kuma ba mai wuya ba ne idan aka yi shi da biro da takarda kafin a koma Excel. Ɗauki lissafin yawan kayan da ya fi dacewa a yi oda a lokaci guda, wanda Ford Harris ya wallafa a 1913. Idan kamfani na cin buhu 10,000 a shekara, kowace oda na lashe naira 20,000 na sufuri da takardu, ajiye buhu ɗaya a sito na shekara kuma na cin naira 400, sai a ninka 10,000 da 20,000 da 2, a raba da 400, a samu 1,000,000. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan adadi ita ce 1,000, wato a riƙa sayen buhu 1,000 sau goma a shekara. Sai dai lissafin ya ɗauka cewa farashi ba ya motsi kuma kaya na isowa a kan lokaci, don haka a kowane lissafi ɗalibi ya rubuta sharuɗɗan da aka gina shi a kansu, ya tambayi kansa ko sun dace da wurin da ya zaɓa.

Haka ma tsarin Toyota, wanda Taiichi Ohno ya gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu a kan kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu da rage tara kaya a sito. A karance shi da kyau, musamman nau'o'in ɓarna bakwai da ya lissafa, irin su jira, yawan ɗawainiyar kaya, da yin abin da ya wuce buƙata. Amma masana'antar da ke Sharaɗa ko Bompai a Kano, wadda kayanta ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas kuma take fama da ɗaukewar wuta, ba za ta iya zama babu kayan ko-ta-kwana ba. Ko manyan kamfanonin Japan sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin girgizar ƙasar 2011, sa'ad da kayan gyara da na haɗi suka yanke musu.

Ɓangaren hidima yana da nasa hali, domin ba a iya ajiye aski ko ganin likita a sito sai gobe, kuma mai buƙatar yana tsaye ana yi masa aikin. Shi ya sa ilimin layi ya zama jigo a nan, wanda Agner Erlang ya faro a kamfanin wayar tarho na Kopanhagan a 1909. Ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961 ta ce yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shigowa a awa idan aka ninka shi da lokacin da kowa ke ɗauka. Bankin da mutum 60 ke shiga a awa, kowa na yin rabin awa, za a riƙa tarar da mutum 30 a cikinsa. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, a lissafi mafi sauƙi na ma'aikaci ɗaya, idan aiki ya cinye kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa za a samu kimanin mutum 4 a wurinsa, a kashi 90 su zama 9, a kashi 95 kuma su kai 19. Manajan da ke son ganin kowane ma'aikaci cikin aiki babu hutu, shi da kansa yake ƙara tsawon layin.

Lokacin zuwa koyon aiki na SIWES, a nemi a zauna a ɗakin injina ko sito ko kanta, kada a yarda a ƙare watannin a ofis ana jera fayil. A tambayi mai kula da inji abin da ke tsayar da shi a rana, a rubuta kowace tsayawa da dalilinta da mintocin da ta ci na tsawon mako biyu ko uku, sannan a jera dalilan daga mafi cin lokaci zuwa mafi ƙaranci, a kai wa shugaban sashen shawara a kan na farkonsu kaɗai.