Yadda Ake Zana Ayarin Raƙuma a Hamadar Tenere

Yawancin masu koyon zane, da an ce su zana hamada sai su ɗauko fenti ruwan ɗorawa su shafe allo kaf, su dasa raƙumi a tsakiya, su ce an gama. Abin da ke fitowa bai wuce bangon ɗaki ba. Rairayin Tenere, gabas da duwatsun Azbin a ƙasar Nijar, inuwa ce ke ba shi siffa, saboda haka a kanta za mu fi tsayawa.

Da farko ka yanke lokacin da hoton zai nuna. Bar batun tsakar rana, lokacin komai ya kwanta, babu inuwa. Ɗauki hantsi ko la'asar sakaliya, ka sa ɗan ɗigo da fensir a gefen da rana take, kuma kada ta tashi daga nan har ka gama.

Fentin akirilik, wato wanda ake damawa da ruwa kuma yake saurin bushewa, na fi so. Ƙyallen zane na kanti akwai tsada. Farin yadin auduga mai kauri, a ja shi a kan katako, a shafa masa farin fentin gida sau biyu, ya ishi mai koyo. In hunturu ne ka ajiye ruwan fesawa kusa, don fentin kan bushe kafin ka waiwaya.

Sama ake fara yi. Shuɗi daga can bisa, kana saukowa kana ƙara fari, inda ta haɗu da ƙasa kuma ka sa ɗan ruwan toka saboda ƙura.

To, ga inda ake faɗuwa. Tudun rairayi yana da fuska biyu: wadda iska ke hawa, mai kwanciya a hankali, da ta baya mai gangare. Tsakaninsu akwai ƙaho mai kaifi wanda ke lanƙwasa. Ja wannan layin da bugu ɗaya, kada ka goge shi da yatsa. Gefen rana ka haɗa fari, ruwan ƙasa da ɗan ruwan goro. Gefen inuwa kuwa, kul ka taɓa baƙi. Baƙi yana mayar da rairayi laka. Ɗauki launin rairayin nan, ka zuba masa shuɗi kaɗan da ɗigon ja har ya karkata zuwa shunayya, domin hasken sama ne ke sauka a cikin inuwar. Ta fi duhu dab da ƙahon, tana sassautawa in ta gangaro. Tuddan nesa ka dusashe su da launin saman, na kusa kaɗai ke samun zafin launi da 'yan layukan da iska ke bari. Tuddai uku sun isa. Wanda ya jera goma, ruɗa ido kawai ya yi.

Sai ayari. Masu zuwa Fachi da Bilma ɗauko kantun gishiri a jere suke tafiya, kowane raƙumi ɗaure da na gabansa, madugu a gaba. Ka yi su ƙanana, girman hamadar ya fito. Raƙumi yana ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare, ba kamar doki mai sassarfa ba. Sirdin Abzinawa gaban tozo yake zama, goshinsa mai rassa uku, mahayin kuma ƙafafunsa na kan wuyan raƙumin.

Rawanin, in turkuɗi ne irin wanda ake rinawa a Kura kusa da Kano, shuɗi ne mai duhu da ƙyalli, don haka ka ɗiga masa ɗan haske a inda ya naɗe. Amawali ya rufe baki da hanci. Namiji ke rufe fuska, macen Abzinawa fuskarta a buɗe take, kada ka juya lamarin. In za ka sa zango, bukkar tabarma ta yankin Azbin da butar shayi kan gawayi sun wadatar.

Kowace dabba ka ja mata doguwar inuwa mai bin kwancin tudun, in ba haka ba sai ta zama kamar tana shawagi. Bar hoton ya kwana ya bushe, ka shafa masa banish, wato man kare fenti, marar ƙyalli, ka sa hannu a kusurwa.