Yadda za ka jera fedal ɗin jita sauti ya fito tas

To, abin da za ka riƙe shi ne kowane fedal, wato 'yar na'urar da ake takawa don canza sautin jita, yana aiki ne kan abin da na gabansa ya miƙo masa. Daga jita ka fara da tuna (mai saita tsirkiyoyin jita), sai wah (mai sa sauti ya yi "wa-wa") da kwamfiresa (mai daidaita ƙarfin sauti), sannan obadiraib ko distoshin (masu sa sauti ya yi kaushi), sai koras (mai sa jita ɗaya ta yi kamar da yawa), dilei (mai maimaita sauti) da ribab (mai amo kamar na babban ɗaki) su zo can ƙarshe. Ni dai na taɓa sa dilei kafin distoshin, wallahi duk amsa-kuwwar ta cakuɗe kamar rediyon da bai kama tasha ba, na sha wahala kafin na gano matsalar.

Amma fa in distoshin ɗin daga amfilifayar kanta kake samowa to leƙa bayanta, in tana da su za ka ga ramuka biyu an rubuta Send da Return, ka ja waya daga Send zuwa shigar dilei, daga dilei zuwa ribab, daga fitar ribab kuma ka mayar Return, kaga kenan sun zauna bayan firiyam (sashen farko na amfilifayar, inda distoshin ɗin ke fitowa), sautin ba zai dagule ba. Obadiraib da wah kam bar su a gaba, tsakanin jita da amfilifayar. Wayoyin tsakani su zama gajeru, kuma ka rage bolum kafin ka cire ko ka jona komai.