Yadda za ka gyara lafiyarka da azumi da tsarin abinci tun kana koyon tuƙin babbar mota

Wanda ya bar wata sana'a ya koma koyon tuƙin babbar mota, hankalinsa yakan tafi kan yin ribas da tirela, da birkin iska, da jarrabawar lasisi. Jikin da zai yi aikin kuwa sai a manta da shi. Alhali sana'ar zama ce ta sa'o'i masu yawa a kujera ɗaya, ga barci a gutsuttsure, ga cin abin da aka samu a bakin hanya. Watannin koyon nan su ne damarka, tun kana kwana a gida kuma kai ke zaɓar abin da za ka ci. Abin da ba ka saba da shi yanzu ba, da wuya ka fara shi bayan an ɗora maka lodi.

Mataki na farko shi ne awo. Je asibiti a auna jininka da sugan jikinka. Idan awon jini yana kai 140/90 ko fiye a kai a kai, hawan jini ne. Idan suga kafin karin kumallo ya kai 126 mg/dL, ana zargin ciwon suga, tsakanin 100 da 125 kuma kana bakin ƙofarsa. Ƙasashe da yawa ba sa ba da lasisin babbar mota sai da takardar likita, don haka gara ka san matsayinka tun da sauran lokacin gyara. A gida kuma ka yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta saitin cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, tumbin ya wuce rabin tsayinka, kuma kitsen ciki shi ne ya fi tafiya da hawan jini da ciwon suga.

Kafin ka tashi daga gaban likita, faɗa masa kana son fara azumi. Mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyin maganin ciwon suga irin su glibenclamide ko gliclazide, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 idan ya jima bai ci ba. Alamunsa gumi ne da rawar hannu da jiri da ruɗewa, kuma a bayan sitiyari wannan na iya zama ajalin mutane. Mai gyambon ciki da mace mai juna biyu su ma kada su fara da kansu.

Mataki na biyu shi ne azumin kansa. Wanda nake nufi na taƙaita lokacin cin abinci ne, ana shan ruwa a cikinsa, da shayi ko kofi marar suga da madara. Fara da sa'o'i 12: ka gama cin abincin dare ƙarfe 7, kada ka sake sa komai a baki sai 7 na safe. Idan jiki ya saba bayan mako ɗaya ko biyu, ka ja shi zuwa 14. Wasu suna kai shi 16, su ci abincinsu duka cikin sa'o'i 8. A ganina 14 ta wadatar da mafi yawan direbobi, kuma ba na ba mai tuƙi shawarar ci sau ɗaya a yini. Azumin nan ba shi da wani sirri. Wajen rage ƙiba, sakamakonsa kusan ɗaya ne da rage yawan abinci ta hanyar da aka saba. Amfaninsa shi ne sauƙin riƙewa, domin yana yanke ciye-ciyen dare ba tare da ka yi ta lissafin kowace loma ba.

Ga ƙa'idar da ba na son ka karya: duk lokacin da za ka ƙara tsawon azumi, ka gwada shi ranar da ba ka da darasin tuƙi. Kwanakin farko sukan zo da ciwon kai da kasala da saurin fushi. Ka kuma tsara shi ya faɗa kan sa'o'in barci da hutu. Idan darasinka da asuba ne, ci wani abu kafin ka hau mota, sai ka rufe baki da wuri da yamma.

Mataki na uku shi ne abin da ke cikin faranti. Rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu ƙwai ko kifi ko wake ko nama marar kitse, sauran kuma hatsin da ba a cire masa dusa ba. Kada ka buɗe baki da tulin abinci mai maiƙo in za ka tuƙa bayansa, domin dama jiki yakan yi sanyi bayan tsakar rana, cikakken ciki kuma sai ya ƙara jawo gyangyaɗi. Lemon gwangwani mai mililita 330 yakan ƙunshi suga wajen giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum kusan giram 50 ce a yini. Gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba.

Tun yanzu ka sayi ƙaramar kula, ka riƙa shirya ta da dare kamar gobe doguwar tafiya za ka yi: dafaffen ƙwai biyu, 'ya'yan itace, yankakken karas, babbar gorar ruwa. Direbobi da yawa suna rage shan ruwa don gudun tsayawa fitsari, sai su ƙare da ciwon kai da raguwar natsuwa. Idan fitsarinka ya yi duhu, ruwa jikinka ke nema.

Mataki na huɗu barci ne, sa'o'i 7 aƙalla. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wato runtse ido na daƙiƙa huɗu tafiyar mita 100 ce babu direba. Idan an ce kana minshari mai ƙarfi, numfashinka na ɗaukewa cikin barci, kuma kana tashi a gajiye, ka gaya wa likita. Ciwo ne da ƙiba ke ƙara shi, yana kuma da magani. Kofi ma a bar shi da yamma, domin bayan sa'o'i biyar kusan rabin sinadarinsa na nan a jiki.

Motsa jiki minti 150 a mako ake so. Tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar ta biya, kuma a bakin aiki lokutan hutu za su ɗauke ta.

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ta yi daidai, kuma ko kashi 5 cikin 100 na nauyinka ka sauke, awon jini da na suga sukan nuna. Idan kana shan magani, koma a sake auna ka bayan wata ɗaya ko biyu, don wataƙila a rage maka shi. Ranar da kuma ka ji jiri ko ganinka ya dushe kana kan hanya, nemi wuri mai aminci ka faka, ka sha abu mai zaƙi, ka ci abinci, kada ka tayar da mota sai ka dawo daidai.