Yadda za ka zaɓa wa yaro darasin kibod na kiɗa: cikin aji ko shi kaɗai da malami

Kafin ka tambayi kuɗin makaranta, fara duba shekarun yaron. Ɗan shekara 4 zuwa 6 aji ya fi masa, domin a lokacin kunne ake horarwa: tafi bisa kiɗa, rera do-re-mi, gane sauti mai kauri da siriri. Tun 1954 kamfanin Yamaha ya fara azuzuwan kiɗa na ƙananan yara a Japan, kuma rukuni-rukuni yake koyar da su. Tsarin Suzuki kuwa, wata hanyar koyar da kiɗa daga Japan, haɗa aji da darasin kaɗaici yake yi. Daga shekara 7 zuwa sama, in yaron da gaske yake so, ni dai malami shi kaɗai nake ba da shawara.

Na biyu, ka nemi a bar ka ka zauna a darasin gwaji, kuma a nan iyaye suke yin sake. Suna kallon fuskar yaro, sun ga yana dariya, shi ke nan sun biya. Hannunsa za ka kalla. A aji mai cunkoso, kowa da abin sauraro a kunne, malami yana zagayawa, da kyar yake tsayawa kan yaro ɗaya na minti biyu. Sai wuyan hannu ya faɗi ƙasa da madannai, yatsu su miƙe sharɓe maimakon su lanƙwashe, ƙaramin yatsa ya tashi sama, wani ma da manuniya kaɗai yake danna komai. In aka shafe watanni a haka, gyaran ya fi koyon farko wuya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka lura ko malamin yana kama hannun yaro ya gyara, ko daga nesa yake cewa "madalla".

Akwai kuma satar kallo. Yaro mai wayo yakan bi yatsun na kusa da shi, ya haddace, a gida ya kaɗa tsaf, kai kuma ka ɗauka karanta rubutun kiɗa yake yi. Buɗe masa shafin da ba a kai ba, ka ce ya nuna maka Do na tsakiya, wato sautin Do da ke wajen tsakiyar kibod, a takarda, sannan a kan kibod. In ya tsaya sosa ƙeya, ka gane. Ajin da ya wuce yara shida, ko ake raba kibod ɗaya tsakanin yara biyu, kada ka biya.

Darasin kaɗaici ya fi tsada, kuma wasu yaran kan gundura. Minti 30 ya isa, kada a sayar maka da awa guda. In kuɗi ne matsala, haɗa shi da yaro ɗaya sa'ansa ku raba, amma ban da yaya da ƙani, faɗa kawai za su yi. Ka tambaya ko malamin yana tara ɗalibansa lokaci-lokaci su kaɗa wa juna.

A gida, kibod mai madannai 61 ya isa farawa, muddin sauti na ƙaruwa in an danna da ƙarfi. In kuna nufin jarrabawar fiyano ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, mataki 1 zuwa 8, sai malami na kansa da madannai 88 masu nauyi. Bita minti 10 zuwa 15 kullum. Zango ɗaya kawai za ka biya tukuna, a ƙarshensa ka sake duba hannun.