Darasi na Tara: Man Gas da Lafiyar Mai Aiki da Shi

Man da muke kira gas, wanda wasu ke ce wa dizal, mutanen Nijar kuma suke kira gazuwal, da shi injin niƙa da tarakta da tirela da manyan janaretoci suke aiki. Saboda ba ya saurin kama wuta kamar fetur, mutane da yawa sun raina shi, har ya zama ana wanke hannu da shi, ana ajiye shi a ɗakin kwana. Wannan raini shi ne ya fi jawo ɓarna.

Za mu fara da tsotsar mai da tiyo, domin babu al'adar da ta fi ta hatsari a wannan sana'a. Direba ko yaron mota yakan zura tiyo cikin tanki, ya sa baki ya ja har mai ya taso, sannan ya tofar da wanda ya shigar masa baki, yana ganin magana ta ƙare. Alhali kuwa gas mai ne mai santsi, kuma idan mutum ya ƙware da shi, ko da kaɗan ne ya bi maƙoshi ya sauka cikin huhu, zai bazu ya ƙona sassan da ke karɓar iska. Daga nan huhu ya kumbura, tari ya taso, ƙirji ya riƙe, zazzaɓi ya biyo baya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne alamun ba lallai su bayyana nan take ba. Mutum na iya yini yana aikinsa, sai da dare numfashi ya fara gagararsa. Ƙaramin famfon hannu da mazurari sun isa su raba ku da wannan hatsari, kuma kuɗinsu bai kai na jinyar kwana ɗaya ba.

Idan wani ya haɗiye gas, babba ne ko yaro, kada a sa shi amai. Wannan magana tana da nauyi, domin abin da zuciya take fara raya wa uwa ko maƙwabci shi ne a zura masa yatsa a maƙoshi, ko a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Duk waɗannan na iya tayar da amai, amai kuwa shi ne ke maido da man daga ciki ya ba shi hanyar faɗawa huhu. Abin yi shi ne a kuskure masa baki da ruwa ya tofar, a cire tufafin da mai ya jiƙa, a zaunar da shi, idan kuma ya galabaita a kwantar da shi ta gefe, sannan a garzaya asibiti tare da mazubin da ya sha daga ciki, ko da ana ganin ya warware. Yara sun fi shiga wannan hali idan aka zuba mai a gorar ruwa ko ta lemo, saboda haka kada a kuskura a yi hakan a gidan da ke da yara.

Shi kuma bakanike da ke wanke baƙin mai daga hannunsa da gas, ya sani cewa gas yana tafiya har da maiƙon da ke kare fata, shi ya sa hannu ke bushewa, ya tsattsage, ya riƙa ƙaiƙayi. Sabulu da ruwa sun wadatar, safar hannu ta roba kuma ta fi. Idan ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ba tare da murza idon ba.

Hayaƙinsa ma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin huhu. Mai injin niƙa da ke yini cikin rufaffiyar rumfa yana shaƙar wannan hayaƙi tare da ƙurar gari, ya kamata ya fitar da bakin salansa waje, ya kuma buɗe taga. Janareta kuwa ba a kunna shi a ɗaki ko a zauren da aka rufe, domin cikin hayaƙin akwai iska mai guba da ba ta da wari. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko, kuma wanda ya ji su ya fita sarari nan da nan.

Game da wuta, gaskiya ne gas ba ya fitar da tururin da ke kamawa sai zafinsa ya haura kimanin digiri 50, amma duro na ƙarfe da aka bari a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana iya kusantar haka, balle idan an gauraya man da fetur ko kananzir, wanda mai saye ba zai gane da ido ba. A ajiye shi a inuwa, cikin jarka mai murfi, nesa da murhu da rijiya da rumbun hatsi. A kashe inji kafin a ƙara masa mai. Idan ya zube a rufe shi da yashi a kwashe, idan kuma ya kama wuta kada a watsa ruwa, domin mai yana tasowa bisa ruwa ya tafi da wutar duk inda ruwan ya malala. Yashi ko tukunyar kashe gobara ake amfani da su.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta kalmar GAS da manyan baƙaƙe a jikin jarkar da yake ajiye mai, ya kuma zo ya faɗa wa aji inda ya mayar da ita.