Gyaran ƙarafunan motsa jiki na bakin hanya: a fara daga gindi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo galan na fenti a shafe ƙarafunan, a ce an gyara. Ƙarfen da ke tsaye a fili daga gindi yake mutuwa, daidai inda ya haɗu da kankare, domin nan ruwan damina yake kwanciya. A Kaduna kuwa ana shan ruwa tun daga Afrilu ko Mayu har Oktoba, balle wuraren da ke kusa da kogi, inda ƙasa ba ta saurin bushewa.

Kafin a sayi komai, a tone gindin kowane ginshiƙi kamar santimita 10, a kankare tsatsa, a ƙwanƙwasa da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe zai lotsa, ko kuma ya riƙa zubar da ɓawon tsatsa kamar ɓawon gyaɗa. Irin wannan ba a yi masa faci. Walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe tana riƙewa ne har ranar da wani ƙato zai rataye a jiki. A tumɓuke shi kawai. Idan wurin na hukuma ne, a nemi izini kafin a kai ga tono.

Wajen sayen sabon ginshiƙi, a nemi fayif inci 3 mai kaurin milimita 3. A kasuwar Panteka ta Kaduna za a samu iri-iri, sabo da tsoho, amma a auna kaurin a gaban mai sayarwa, kada a yarda da ido. Sandar da ake kamawa a ja jiki sama ta zama fayif mai ruwan tutiya, inci ɗaya da kwata, don ya cika hannu ba tare da ya gagari yatsu ba. Idan akwai fili a yi hawa uku, mita 1.8 da 2.1 da 2.4, kowa ya samu daidai tsawonsa. Mai walda ya goge tutiyar daga inda zai haɗa, ya tsaya ta inda iska ke tahowa, saboda hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Ya kuma toshe kan kowane ginshiƙi da farantin ƙarfe. Fayif buɗaɗɗe tulu ne: ruwa zai taru a ciki ya cinye shi ta inda ba a gani.

Ramin ya zama santimita 40 kowane gefe, zurfi 70. A yi wa ƙasan ginshiƙin walda da guntun rodi a gicciye don kada ya juya cikin kankare. Kwaɓin shi ne buhun siminti 1, kwanon ɗibar kwaɓi 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa. Buhu 3 zai ishi rami 4. Kada lebura ya cika ruwa don aikin ya yi masa sauƙi, kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. Birkila ya duba tsayuwar ginshiƙin ta fuska biyu, a tokare shi da katako, sannan a ɗaga saman kankaren ya zarce ƙasa kaɗan, a yi masa gangara ta yadda ruwa zai gudu daga jikin ƙarfen. Wannan 'yar gangarar ita ce rabin aikin, kuma ita aka fi mantawa da ita. A riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7, a kewaye wurin da igiya. Matasa ba sa haƙuri, kuma wanda ya yi lilo a kwana na biyu ya riga ya buɗe tsaga a gindin.

Fenti sai a ƙarshe. A goge tsatsa da burushin waya har ƙarfe ya yi haske, a share ƙura, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, kada a bari ya kwana tsirara. Washegari a bi da fentin mai, shafi biyu marasa kauri, a bar kwana guda tsakaninsu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A guji baƙin fenti, don ranar Maris tana mayar da shi abin da hannu ba ya taɓuwa. Sandar kamawa kuwa a bar ta ba fenti, fenti da gumi santsi suke yi.

Injunan da ke juyawa, a canza musu boris mai rufi a sa giris. Bencin katako a shafa masa maganin gara, ban da baƙin mai, yana ɓata tufafi. A ɗiga walda a kan kowane noti saboda masu kwance ƙarfe da dare.

Ƙarƙashin sandunan a kwashe duwatsu da kwalabe, a zuba yashi mai zurfin santimita 30, ya kai mita 2 ta kowane ɓangare, a tare gefensa da bulo don kada ruwan sama ya kwashe shi zuwa kwata. Duk wata a kaɗa yashin da shebur, domin inda ake dirowa yana daskarewa ya koma kamar daɓe.